Kwanon Inno Ya Shiga Rijiya

Sabon Birni,
Oktoba, 1984

Zuwa ga ɗana Lawwali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mutanen da kake zaune wurinsu can Japan. Mu nan sai godiya. Matata Mairama na gaishe ka. Ƙafata ta hagu ta bar ciwo, ta dama ta karɓa.

Ka tambayi damana. Ba a yi damana ba, sunanta dai anka yi. Ruwa ya sauka munka shuka, ya ɗauke. Munka sake shuka, ya sake ɗaukewa. Geron gonata ta Tsamaye bai kai gwiwa ba ya tsaya, shina kallonmu muna kallonshi. Abin da na samu jaki guda ya ɗauko shi, kuma bai yi nishi ba. Gidaje da yawa sun rufe sun yi kudu. Mu muna nan da ɗan abin da ya rage a rumbu.

To amma ba wanga ya sa na ɗauki alƙalami ba. Kwanon kakarka Inno ya fashe.

Ka san shi, kwanon tangaran ɗin nan kore mai duhu, wanda mahaifinka Amiru, Allah ya jiƙan shi, ya gina da hannunshi a gidan tukwane na Abuja, ya kawo mata shekarar da anka haife ka. Kusa da gindi akwai inda babban yatsanshi ya riƙe lokacin da ya tsoma shi a ruwan sheƙi, wurin ya fito garas ba sheƙi. Tun da idonta ya tafi, nan take aza nata yatsan in za ta sha fura. Akuyar maƙwabta ce yunwa ta sa ta tsallako katanga ta sa kai ciki, ta ture shi bisa dutsen niƙa. Daga baki ya tsage, tsagar ta bazu gefe guda. Na tsince shi kaf, na ƙulle a tsumma.

Kai ba ka san halin tsofaffinmu a shekarar yunwa ba. Cewa suke sun ƙoshi, don a bar wa yara. Kakarka ta daɗe da fara wanga. Dabara guda ta rage muna: Mairama ta cika kwanon ta ce, "Inno, kwanon Amiru ba ya komawa da saura." Sai ta shanye tana zaginmu. Yanzu ta ce kwanonta ya fashe, rabonta na duniya ke nan ya ƙare, a daina ɓarnar gero. Ludayi biyu take sha ta kau da kai. Wuyan hannunta ya koma kamar sillen kara.

Na kai wa gyartai a kasuwa, ya sa basilla kamar yadda yake wa ƙwarya, basillar ta karye, ya bi ni da harara. Na liƙa da ƙaro, fura ta jiƙa shi ya saki. Na sayo gam na kanti, tun daga zaure Inno ta ji warin ta ce ita ba babur ba ce da za a ba ta fetur.

Kai anka kai ƙarshen duniya koyon tukwane. In akwai dabara, faɗa mini. Kada ka ce za ka aiko da sabo, ba kwano take so ba, wurin yatsan nan take so. Ta ce in gaishe da angonta mai fuska kamar ƙwai, wanda ko aska guda ta Gobir babu.

Baffanka,
Bawa

*

Japan,
Nuwamba, 1984

Baffa,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, ina lafiya, Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi, ya kawo mana ƙarshen wannan fari. Kunya nake ji in gaya maka irin ruwan da ake yi a ƙauyen nan. Takalmina har fumfuna ya yi.

Baffa, akwai dabara! Wallahi akwai! Kada ka yar da ko ɓarɓashi. Da na karanta wasiƙar na kasa zama, na ruga wurin tsohon da nake koyo a hannunsa, na yi masa bayani da rabin yare rabin hannu. Ya buɗe akwati ya fito da wani kofin shayi da ya girmi kakansa. Ya taɓa fashewa, amma duk inda ya tsage zare ne na zinariya ke bi, yana walƙiya. Su nan ba sa ɓoye gyara, fito da shi suke yi a gani. Sunan aikin kintsugi. Da na ce masa mahaifina ne ya gina kwanon, a kan injin juyi, da ruwan sheƙi na toka, sai ya sa na zana masa siffarsa, ya daɗe yana kallo.

Ga ƙunshi nan tare da wasiƙar. Abin da ke cikin 'yar kwalbar ruwan wata itaciya ne, urushi, ana tsaga jikinta ya tsatso kamar yadda ƙaro ke yi. In ya kama, ruwa ba ya sake shi, kuma ana ci ana sha a ciki lafiya. Ga yadda za ka yi. Ka kwaɓa ɗan garin alkama da ruwa, ka zuba urushi, ka murza har ya yi danƙo. Ka shafa a bakin kowane gutsure da tsinke, ka haɗa, ka ɗaure da zare. Ka ajiye ya bushe sosai. Bayan nan ka kwaɓa wani da lallausar ƙasa ka cike giɓi, ya bushe, ka goge da gawayi. Sai ka bi tsagar da jan da ke cikin ƙaramar kwalba, da alƙalamin gashin da na sa. Kafin ya bushe ka barbaɗa abin da ke cikin takardar da aka ninke. Zinariya ce, Baffa, tsohon ne ya bayar, ya ce gaisuwarsa ce ga maginin da bai sani ba.

Abu ɗaya: kada ya taɓa maka fata. Yana sa ƙaiƙayi mai tsanani. Ka sa leda a hannu.

Ka gaya wa amaryata ta ci abinci, ni ba na son mace ramammiya. In ta ƙi, a nan zan yi aure.

Ɗanka,
Lawwali

*

Sabon Birni,
Janairu, 1985

Lawwali,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, ban da ni, kuma kai ne sanadi. In ka ga rubutuna ya karkace, yatsun ne sunka kumbura.

Ƙunshinka ya iso ta gidan waya na Isa, direban motar kasuwa ya kawo mini. Ranar nan zaurena ya cika kamar ana suna. Kowa na son ganin ƙaron Japan. Anka buɗe, anka shinshina, wani ya ce warin tsamiya, wani ya ce warin tsohon takalmi. Garin alkama sai wurin mai burodi na samu ɗan cikin cokali, shi ma sai da na rantse mashi ba ci za ni yi ba.

Batun leda kuwa, na karanta. Amma na ce ni da na kama kunama da hannu ban san iyaka ba, ruwan itace ne za ya ba ni tsoro? Tsinke ya ƙi mini daɗi, na sa yatsa. Zufa ta zubo, na share fuska. Lawwali, kwana biyu bayan nan Mairama ta shigo da ruwan alwala ta gan ni, ta aje buta ta yi salati. Idanuna sun shige, leɓena ya yi kamar na raƙumi. Ƙaiƙayi kuwa, na sosa da hannu, na sosa da marfin tukunya, na sosa da katanga. Inno ta ce a kawo fuskar ta shafa. Ta shafa, ta yi dariya har da tari. Rabon da mu ji dariyarta tun kwanon na da rai. Don haka ban yi fushi da kai ba ƙwarai.

Kwano kuwa ya haɗu, kyau kamar ba a taɓa ba! Na ɗaure da zare na hau da shi bisa soro, inda muke shanya kuɓewa, na ce rana ga naki. Ka san abin da Allah ya hore muna bana ke nan, wurin shanya. Ɗanyen bulo kwana biyu yake yi a can ya yi ƙarfe. To wanga abu naka ya fi sati uku shina shan rana, kullum in hau in taɓa da tsinke, kullum shina nan da danƙo kamar jiya anka shafa. Na matsar da shi kusa da murhu, ko gezau. Jiya na kwance zaren in gwada, gutsure guda ya zame ya dawo hannuna.

Ko dai abin ya lalace a hanya? Ko akwai addu'ar da suke yi da ba ka rubuto ba? Rabin kwalbar ya tafi. Inno ta daina fitowa bakin ƙofa shan hantsi, sai an ɗauko ta. Ka amsa da wuri.

Bawa

*

Japan,
Disamba, 1984

Baffa,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. A tsaye nake wannan rubutu a gidan waya. Allah ya sa wasiƙar nan ta iso kafin ka fara aiki.

Kada ka sa shi a rana! Kada ka kai shi kusa da wuta! Yau tsohon ya tambaye ni wane irin akwatin laima ne baffana yake da shi, na ce wane akwati? Ya dafe kai. Baffa, urushi ba rana ke busar da shi ba, laima ce. Sai iska mai danshi ta ratsa shi yake ƙanƙara. A nan iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, kuma duk da haka a akwati suke sa shi da jiƙaƙƙen tsumma, suna yayyafa ruwa safe da yamma. Kullum ina ganin akwatin a kusurwa, ban taɓa kawo cewa Sabon Birni ba nan ba ce.

In har ya sha rana, ya mutu, ba zai kama ba. Ka kankare shi, ka goge da man gyaɗa, ka wanke da toka, ka sake daga farko. Kwalbar kuma ka binne ta a yashin gindin randa. Ka yi tattalin abin da ya rage, don kafin wani ya iso an daɗe.

Na san abin da nake roƙo, a shayar da kwano ruwa a shekarar da mutane ke nema. Ban san yadda za ka yi ba. Ka rubuto mini halin da Inno take ciki, ko layi biyu ne.

Lawwali

*

Kamarawa, ta Isa,
Fabrairu, 1985

Ɗana Lawwali,

Bayan gaisuwa, fuskata ta koma daidai, ko da yake Mairama ta ce ba wani bambanci. Wasiƙarka ta Disamba ta iso bayan tawa ta tafi, sun wuce juna a hanya ba sallama. Ka ga inda nake rubuto maka, gidan goggonka Hajjo. Zauna ka sha labari.

Da na karanta na yi dariya ni kaɗai. Abu shina son laima, anka rasa inda za a aiko shi duk duniya sai Gobir, bana! Na gwada tsumman naka a cikin tsohuwar randa. Kafin azahar ya bushe ƙamas. Ruwan gidanmu kuwa tun asuba mata ke bin layi a kanshi, ba ni da fuskar da za ni ce a ba kwano. Ina zaune ina tunani sai na tuna lokacin da nake saurayi ana zura ni yasar rijiya, yadda riga ke manne wa mutum a can ƙasa ko bai taɓa ruwa ba. Na ce to, ga akwatin da Allah ya gina.

Na kankare, na sake haɗawa, wanga karo da leda har gwiwar hannu. Na sa shi a kwando na rufe da faifai, na ɗaura igiya, na nufi rijiyar bakin kasuwa. Abin da ban lissafa ba shi ne yadda abin za ya yi a idon mutane. Tsoho ne fatar fuskarshi na saɓulewa, hannu cikin leda, shina zura rufaffen kwando cikin rijiya guda da ta rage wa gari. Wata mata ta yi kururuwa. Kafin in ce wani abu an kewaye ni, masu ruwa, masu shanu, har da waɗanda sunka shinshina kwalbar a zaurena. "Malam Bawa za ya sa muna ciwo a ruwa!" "Asiri ne, daga Japan anka aiko mashi!" Wani yaron da na yi wa huɗuba da bakina shi ya fizge igiyar. Kwandon ya yi lilo ya bugi bango.

Allah ya kawo Wakili, Bafulatanin nan mai shanu da muke wasa da shi tun muna samari. Ya ratsa taron da sandarshi ya karɓi kwandon, ya buɗe, ya duba, ya dube ni. Ya ce, "Bawa, yunwa ce ta taɓa ka, ko tsufa?" Na ba su labari tun daga akuya. Da na zo kan Inno sai kowa ya sassauta, don babu wanda ba shi da tsohuwa a gida mai cewa ta ƙoshi. Amma sunka ce duk da haka ba a rijiyar sha ba, kuma gaskiyarsu.

Wakili ya ce, "Kai ba ruwa kake nema ba, gumin ƙasa kake nema. Akwai matacciyar rijiya bayan Kamarawa, na zura guga wancan wata ya fito da taɓo. Ta yaudare ni da shanuna, wataƙila kai ta yi maka rana." Ga Hajjo a garin, sai na rungumi kwando na hau motar Isa. Duk ramin da direba ya faɗa sai na ce mashi wani abu da ba za ni rubuta ba.

Da isowata na zura kwandon a matacciyar rijiyar, na bar shi can. Lawwali, ya kama! Shekaranjiya na jawo shi, na taɓa da tsinke, tsinken ya karye! Na kwance zare, na ƙwanƙwasa, ya amsa da muryarshi ta da. Na yi kabbara a bakin rijiya har Hajjo ta fito ba mayafi, ta zaci faɗawa na yi. Yanzu na cike giɓi da ƙasar gulbi da na tankaɗe, ya koma ciki. Mutanen Kamarawa sun sa mini suna mai jinyar kwano, da safe har tambayata suke ya mai jiki.

Saƙon Mairama ne bai da daɗi. Inno ba ta iya zama sai an tallafe ta. Raina ya ce in ɗauko shi haka nan in tafi, sai na tuna fuskata, na ce in bai gama ƙanƙara ba leɓenta za ya yi wa haka. Na aika a gaya mata kwanonta na cikin rijiya. Ta ce a rijiya? Ta ce to a ƙara mata ludayi guda, ba za ta mutu ba sai ta ga ƙarshen haukan Bawa. Ka taya mu addu'a ludayin nan ya riƙe ta.

Baffanka,
Bawa

*

Sabon Birni,
Afrilu, 1985

Lawwali,

Assalamu alaikum. Wasiƙunka biyu na tarar a gida, duk tambaya guda. Ka yi haƙuri da shiruna, ban so in rubuto rabin labari ba. Muna lafiya. Zafi ya kai inda ya kai, sama ba ta ce komai ba tukuna.

Na fara da abin da ba za ka so ba. Ban sa zinariyar ba. Na tambayi Liman, ya ce Musulmi ba ya ci ba ya sha a zinariya, kuma tsagar ta bi ta daidai inda baki ke taɓawa. Na ce to, dama mai kwanon ba gani take ba. Na bi layin da jan kawai. Hannuna ba na saurayi ba ne, ya yi kauri, ya ɗan taso, da ya ƙanƙara a rijiya ya koma ja mai duhu. Ka ba tsohonka haƙuri, ka ce gaisuwarshi ta iso, Mairama ta ɓoye ta a adaka sai ranar aurenka. Na bar kwanon a ƙasan rijiya har na gaji da jira, na sha ruwa a ciki kwana da kwanaki, leɓena bai motsa ba, sannan na yi wa Hajjo sallama.

Na iso da hantsi. Na tarar da Inno ta zama kamar tsumma bisa tabarma. Mairama ta dama fura da ɗan nonon da Wakili ya aiko, ta cika kwanon, munka tallafe ta, anka aza mata a cinya. Hannunta ya zagaya gindi, yatsan ya faɗa wurinshi. Sai ɗayan hannun ya hau baki ya ci karo da layin. Ta bi shi a hankali har ƙasa, ta dawo, ta bi na biyu, ta bi na uku, yadda sunka taso daga wuri guda sunka bazu. Sai na ga ta ɗaga hannun ta shafa kuncinta, daga gefen baki zuwa kunne.

Ta ce, "Wane wanzami ya yi wanga aiki?"

Na ce, "Ni ne, Inno."

Ta ce, "Shi ya sa. Ta nan ta karkace." Ta sake shafawa. "Amiru ya tafi Abuja ya kawo mini abu biyu ba tsage, kwano da yaro. Shekara nawa ina sha a kwanon baƙo ban faɗa ba. Yau ya zama Bagobiri."

Mairama ta buɗe baki za ta yi maganarta ta kullum, Inno ta ce, "Rufe mini baki, na sani." Ta kafa kai. Lawwali, ba ta sauke ba sai da munka ji ƙarar iska. Ta miƙo shi ta ce furar ta yi ruwa, gobe a sa hannu da kyau. Mairama ta juya baya tana share ido da gefen zane, ni kuwa na fita duba akuyar da ba ni da ita.

Yau sati biyu ke nan kwanon ba ya komawa da saura. Jiya da kanta ta rarrafo bakin ƙofa, shina cinyarta, duk wanda ya shigo sai ta sa shi ya shafa. Akuyar maƙwabta kuwa an ɗaure ta da igiya biyu.

Ta ce in gaya wa angonta ya gama abin da yake yi ya dawo, duk gidan nan saura shi kaɗai ba aska, kuma wanzami ya samu hannu. Na ce mata ni a shirye nake, ledata na nan, rijiyar Kamarawa ma ba inda ta tafi.

Baffanka,
Bawa